Tallafin munazzamomi ga matasanmu a Sudan: ina yake gyara, ina yake ƙara rura wuta?

Duk wanda yake zaune a Damazin ko Sinja ko Gadarif ko Kassala ya saba ganin irin wannan sanarwar, sai dai kawai ta faɗo guruf ɗin WhatsApp na unguwa, wai munazzama kaza, wato ƙungiyar agaji, ta buɗe ƙofar tallafi ga ƙungiyoyin matasa, a rubuto mashru'i, wato tsarin aikin da za a yi, kan zaman lafiya da cigaban matasa kafin ranar kaza a rufe. Daga nan sai gari ya rabu biyu, wasu su ce alheri ne ya zo a yi maza a nema, wasu kuma su ce ai wannan cin kuɗi ne kawai da sunan talaka. Kowannensu yana da abin kamawa, amma mafi yawan masu musun ba su san ta inda kuɗin yake biyowa ba balle abin da zai iya da wanda ba zai taɓa iyawa ba. Ni abin da na fahimta shi ne ba yawan kuɗin ne ke sa ya yi amfani ba, hanyar da ya bi ya shigo gari ita ce komai, don kuɗi ɗaya ne zai iya haɗa samari biyu da ba sa ga maciji kuma shi ɗin ne zai iya raba unguwar da take zaune lafiya.

Asalin wannan salon ba daga nan ya taso ba. A Disambar 2015 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2250 kan matasa da zaman lafiya da tsaro, Jodan ce ta jagoranci kawo shi, kuma a cikinsa matashi shi ne ɗan shekara 18 zuwa 29. Abin da ƙudurin yake cewa a taƙaice a daina kallon matasa a matsayin masu ɗaukar makami ko waɗanda rikici ya rutsa da su kaɗai, a sa su a teburin sulhu kuma a ba su kayan aiki. Bayan wata biyar, a 2016, aka yi babban taron agaji na duniya a Istanbul inda manyan masu bada kuɗi suka yi alƙawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai rinƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida kai tsaye gwargwadon yadda zai yiwu. 2020 ta zo ta wuce ba a ko kusanci wannan adadin ba. To wannan alƙawarin da ba a cika ba shi ne ya sa har yau kake jin ana ta maganar a ba wa na ƙasa, a ba wa na ƙasa.

Yanzu ga yadda kuɗin yake tafiya a zahiri. Wata gwamnati a Turai ko Amurka ko ƙasashen Larabawa ta ware kuɗi, ta ba wa wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ko wata babbar munazzama ta duniya, ita kuma ta nemo munazzama ta ƙasa mai rajista da Mufawwadiyar agaji wato HAC, hukumar gwamnati mai kula da ƙungiyoyin agaji, mai ofis a Khartoum ko Port Sudan, sai ita wannan ɗin ta nemo ƙungiyar matasa a hilla. Kowane hawa yana cire nasa na albashi da haya da mota da man fetur, kuma ba sata ba ce, tsarin kenan, amma kafin ya sauko wurin yaran da za su yi aikin cikin rana ya riga ya rame, 'yan dubunnan daloli ne idan an yi sa'a, na wata uku ko shida. Kuma duk nauyin takardu a kan na ƙasan yake ƙarewa. A kawo shaidar rajista a ƙarƙashin dokar aikin sa kai ta 2006, a kawo asusun banki da sunan ƙungiya, a kawo fatura, wato takardar farashi, daga shaguna uku kafin a sayi buhun suminti, a kawo takardar sa hannun mahalarta da hotuna, wani lokacin ma a rubuto komai da Turanci. Kai jama'a, yaron da yake noman juruf, wato fadama, a bakin kogi ko yake kamun kifi a tafkin Rusairis ina ya ga wannan? Shi ya sa sai ka ga wanda ya iya rubutun mashru'i shi yake cin tallafin, ba wanda mutane suke jin maganarsa ba. Har an samu wasu da sana'arsu kenan, ƙungiyar tana cikin jaka, hatimi da takarda mai kan sarki da laftof, babu ofis babu mambobi, duk sanarwar da ta fito suna da amsarta, yau zaman lafiya gobe sauyin yanayi jibi haƙƙin mata.

Amma kafin mutum ya yanke hukunci kan ko tallafi zai kawo zaman lafiya, dole ya tsaya ya kalli rikicin kansa, kuma mu Hausawan Sudan ba sai an ba mu labari ba, 2022 tana nan a ranmu. A tsakiyar Yulin shekarar faɗa ya ɓarke a jihar Blue Nile tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin irin su Birta da Hamaj, abin da aka ce ya kunna wutar kisan wani manomi ne, amma kowa ya san tushen ya fi haka zurfi. Hausawa sun nemi a ba su imara tasu a cikin tsarin idara ahliyya, wato sarautun gargajiya na nazir da umda da shehi, kuma a al'adar ƙasar nan sarauta irin wannan tana tafiya ne da ƙasa, don haka ɗaya ɓangaren ya ɗauki buƙatar a matsayin ana neman a yanki ƙasar kakanninsu, su kuma Hausawa suna ganin mun fi shekara ɗari a nan, tun bayan yaƙin Burmi na 1903 da zuwan Muhammad Bello Maiwurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har aka kafa garin Maiurno kusa da Sinnar, ban da mahajjatan da suka yada zango a hanya da waɗanda suka yi wa gonakin audugar Jazira hidima, to har yaushe za a ce mana baƙi? Ka ɗora a kan haka dokar 1970 da ta mayar da duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati, da rusa idara ahliyya da Numairi ya yi a farkon shekarun 1970 daga baya aka dawo da ita aka cusa mata siyasa, da ƙarin tsayin dam ɗin Rusairis da aka gama a 2013 wanda ya tashi ƙauyuka aka tara mutane daban daban a garuruwa masu lamba, sannan ga yarjejeniyar Juba ta Oktoban 2020 da ta sake raba iko a jihar, ga juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 da ya bar ƙasa babu mai tsawatarwa. A Oktoban 2022 abin ya sake tashi a Wad al-Mahi ya fi na farko muni. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin sun nuna an rasa rayuka sama da 350 daga Yuli zuwa wannan lokacin, sama da mutum dubu 90 sun bar gidajensu, da yawa suka nufi Sinnar da Rabak da Kosti.

To ka ga rikici mai irin wannan jijiyar, a ce dala dubu biyar da warsha, wato taron bita, ta kwana uku a ɗakin taro za su warware shi, wannan yaudarar kai ce. Maganar ƙasa da sarauta da waye ɗan ƙasa maganar gwamnati ce da kotu da manyan idara ahliyya, babu ƙungiyar matasan da za ta yanke ta, kuma duk munazzamar da ta rubuta a rahotonta cewa ta magance tushen rikici ƙarya take yi wa wanda ya ba ta kuɗi. A farkon 2023 an sa hannu kan takardar zaman tare a Damazin da manyan ƙasa a wurin, wata uku bayan nan yaƙin 15 ga Afrilu tsakanin soja da dakarun Da'amus Sari, wato RSF, ya zo ya shafe hankalin kowa daga kanta.

Abin da ƙaramin tallafi yake iyawa wani abu ne daban, kuma ba ƙarami ba ne idan ka lura da yadda faɗa yake yaɗuwa. Tsakanin kisan mutum ɗaya da ƙona gari akwai awanni, wani lokacin kwana ɗaya ko biyu, kuma a cikin awannin nan jita-jita ce take aiki. Wani ya ɗora tsohon bidiyo a Facebook ya ce yanzun nan ne, wani ya tura murya a WhatsApp yana kuka wai an gama da mutanenmu a gari kaza, samari su fara taruwa a bakin kasuwa, wanda yake da babur ya tafi ɗauko 'yan uwa. A 2022 mun ga yadda fushin ya tsallaka har Kassala inda zanga-zanga ta rikiɗe aka ƙona gine-ginen gwamnati, alhali tsakaninta da Damazin tafiya ce mai nisa. A irin wannan lokacin abin da yake da daraja shi ne a samu saurayi a wannan ɓangaren da yake da lambar wayar wani saurayi a can, kuma sun saba har zai iya kira ya ce ɗan uwa me yake faruwa a wajenku, shi kuma ya ɗauka ya faɗa masa gaskiya, ya juya ya ce wa nasa mutanen ku dakata labarin nan ba haka yake ba. Wannan sabon ba ya samuwa a ranar da wuta ta tashi, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba ya samuwa a warsha inda aka zauna aka sha shayi aka karɓi kuɗin mota aka watse. Yana samuwa ne idan mutane sun yi wani aiki tare wanda kowannensu yake buƙata, suka yi gumi suka yi musu kan kuɗi suka shirya.

A ce misali akwai donki ɗaya, wato rijiyar burtsatse mai tanki, da unguwanni biyu suke sha, injin ya lalace, mata suna tafiya mai nisa kuma kullum sai an yi cacar baki a layi. Aka ba wa lajna, wato kwamiti, ta matasa kuɗin sola da famfo, da sharaɗin lajnar ta haɗa ɓangarorin biyu, mai riƙe kuɗi daga nan, mai rubuta lissafi daga can, kuma akwai 'yan mata a ciki tunda su ne masu ɗiban ruwan. Za su je kasuwa tare su yi ciniki, za su yi faɗa kan wane injiniya za a kira, za su tsayar da nawa za a rinƙa biya kan jarka don gyaran gaba, kuma duk ƙarshen wata sai sun zauna. Ba wanda ya ambaci kalmar zaman lafiya ko sau ɗaya, amma bayan shekara waɗannan yaran suna da lambobin juna kuma akwai abin da za su yi asara tare idan gari ya kama da wuta. Haka gyaran rumfunan kasuwar mako, haka shata burtali kafin makiyaya su sauko, haka injin niƙa. Ƙwallo ma tana yi, amma fa a yi hattara, dauri, wato gasa, da aka raba ƙungiyoyi bisa ƙabila ba sulhu ba ne, atisayen faɗa ne, sai an cakuɗa 'yan wasan.

Yaƙin nan da duk bala'insa ya nuna wani abu da masu bada tallafi suka daɗe suna shakka a kai. Lokacin da manyan munazzamomi suka kwashe ma'aikatansu daga Khartoum, waɗanda suka tsaya su ne matasan gurafuɗ ɗawari, ɗakunan agajin gaggawa na unguwanni, da yawansu daga lajnonin muƙawama suka fito, wato kwamitocin unguwanni da suka jagoranci zanga-zanga, kuma tushen abin shi ne nafir, wanda mu muka sani da aikin gayya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a takiya, wato wurin dafa abincin sadaka na unguwa, ya san yadda take, babbar tukunya a kan itace tun asuba, adas ko ful ko balila, layin bokitai da kwanuka an jera a ƙasa kowa ya san nasa, wata yarinya da littafi tana rubuta gida nawa aka ba wa, wani yaro yana ta neman inda sabis yake don ya ga ko kuɗi ya shigo Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, idan ya shigo kuma sai an nemi ɗan kasuwan da zai karɓi tura kuɗi ya bada kaya ko ya bada tsaba ya cire nasa kason. Da aka katse intanet a Fabrairun 2024 tukwane da yawa sun sauka saboda kuɗin ba ya iya shigowa, sai da aka koma neman Starlink. Ba wanda yake tambayarka ƙabilarka a layin takiya. Kuɗin farko daga aljihun 'yan unguwa ne da 'yan uwa mazauna waje, mutanenmu na Makka da Jidda da Madina sun san wannan sosai don su ma an sha tara musu a guruf, daga baya ne munazzamomi suka fara turo ƙananan tallafi kai tsaye da takardu masu sauƙi. A 2025 waɗannan matasan suka samu kyautar Rafto ta Norway da ta Right Livelihood ta Suwidin. Wato waɗanda aka ce ba su da ƙwarewar riƙe kuɗi su ne suka ciyar da miliyoyi.

Sai dai a wannan labarin akwai ɗaya gefen. A Janairun 2025 da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na Amurka, cikin 'yan makonni takiyoyi sama da dubu suka rufe kamar yadda masu tafiyar da su suka bayyana. Sa hannu ɗaya a Washinton, tukunya ta huce a Umdurman. Wannan ya kamata duk ƙungiyar matasa ta riƙe shi da kyau, idan aikinku gaba ɗaya a kan kuɗin waje yake tsaye to ranar da aka yi zaɓe a wata ƙasar da ba ku taɓa gani ba aikin zai iya mutuwa. Waɗanda suka fi jurewa su ne masu sanduƙ nasu, adashen da mambobi suke zubawa ko kaɗan ne, da 'yan kasuwar gari da suke bada buhu, tallafin waje ya zo ya tarar da abu yana tafiya ya ƙara masa ƙarfi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba, kuɗin da kansa yana haddasa rigima. A garin da aka yi zubar da jini kowa yana lissafi, idan aka ba wa ƙungiyar da duk mambobinta Hausawa ne maƙwabta za su ce ai munazzamar tasu ce, idan aka ba wa na can mu ma haka za mu ce, kuma wallahi ba sai an yi rashin adalci ba, zargin kaɗai ya isa. A cikin ƙungiyar ma, abokai da suka yi shekaru suna aikin sa kai babu ko sisi, ranar da dala ta shigo sai a fara wa ya sa hannu, wa ya tafi warsha a Port Sudan, me ya sa shi aka saya masa waya. Ga faɗuwar jine, kuɗin Sudan, kafin yaƙi dala ɗaya wajen 600 ce, daga baya ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage ta ci gaba da hawa, to mizaniyar, wato kasafin, da aka rubuta yau kafin kuɗin ya iso bayan wata uku ba za ta sayi abin da aka rubuta ba, mutanen gari kuma ba ruwansu da wannan bayanin, su dai sun ji an ce miliyan kaza, ina sauran? Maganin da na ga ya fi aiki mai sauƙi ne amma mutane suna gudunsa, a karanta lissafi a bainar jama'a, bayan sallar Juma'a ko a nadi, wato kulob ɗin unguwa, a manna takarda a bango, nawa ya shigo nawa aka kashe wa aka biya. Rahoton da ake turawa sama da Turanci ba ya wanke kowa a idon unguwa.

Sai maganar dattawa. Wasu masu bada tallafi suna zuwa da tunanin matasa su ne masu gaskiya, sarakuna da shehunai su ne matsala, sai su tsallake su. A ƙasar nan kuwa sulhu ta hanyar judiya ake yin sa, wato sasanci na gargajiya, ajawid, dattawa masu shiga tsakani, ne suke zama, su ne suke maganar diyya da yafiya, saurayi ɗan shekara 25 komai iliminsa ba zai tsayar da diyya ba. Amma su ma dattawan suna sa hannu a takarda a koma gida, waɗanda suke riƙe da sanda da babur da waya ba a tambaye su ba, shi ya sa sulhu da yawa ba ya kai damina biyu. Aikin da ya dace da ƙungiyar matasa a nan shi ne tsakiya, su kai wa umda labari da wuri kafin abu ya girma, su bi bayan abin da aka amince a ga ko ana cikawa, su kuma riƙe nasu tsaran. Kuma a daina kawo mata don cika adadi a hoto, matar da take sayar da shayi a bakin kasuwa ta fi kowane jami'in munazzama sanin wa yake hura wuta a garin.

Da za a tambaye ni, da na ce wa masu kuɗin su rage girman abin da suke bayarwa lokaci ɗaya su tsawaita lokacin, kaɗan kaɗan na shekara biyu ko uku ya fi dunƙule ɗaya na wata uku da ake rige-rigen kashewa kafin ranar rufe rahoto, su karɓi mashru'i da Larabci ko ma da murya, su yarda ƙungiyar da ba ta da rajista ta shiga ƙarƙashin inuwar mai rajista ba tare da an cinye mata rabi ba, kuma su bar wani ɗan kaso a ajiye na gaggawa, kuɗin kati da man babur da hayar mota, wanda za a iya taɓawa cikin dare ba sai an jira amincewa daga ofis ba. Su ma su san akwai haɗari a kan yaran, 'yan sa kai da yawa an kama su an kashe wasu a yaƙin nan, kowane ɓangare yana zarginsu da yi wa ɗayan aiki, don haka ɗora hotunansu da sunayensu a intanet don a nuna nasara ba ƙaramin ganganci ba ne.

Inda za a gwada duk wannan kuwa yana gabanmu. Tun da soja suka karɓe Sinja a Nuwamban 2024 da Wad Madani a Janairun 2025 da Khartoum a Maris, mutane suna ta komawa gida, wasu su tarar wani yana noma gonarsu, wasu shagonsu yana hannun wani, ga zargin wane ya haɗa kai da wane lokacin da gari yake hannun Da'amus Sari, ga makamai a hannun samari fiye da kowane lokaci saboda istinfar, wato kiran da soja suka yi wa farar hula su ɗauki makami, ga waɗanda suka bar Blue Nile tun 2022 da har yanzu wasunsu ba su koma ba. Rigimar iyakar gona tana tashi ne a watan Mayu da Yuni lokacin sharar gona kafin ruwa ya sauka, to duk ƙungiyar da take son yin wani abu a kai sai ta fara zagayen iyakoki da umdodi da masu gonakin tun cikin rani, kuma mai bada tallafin da kuɗinsa zai iso a Agusta ya sani an riga an yi shuka.